Ƙaurar Kwamfutar Baba Kar-ka-taɓa

Duk wanda ya shigo layin nan ya ji ƙara tata-tata-tata kamar ana watsa tsakuwa a kan rufin kwano, to ya iso shagon Baba Kar-ka-taɓa. Shagon yana maƙale tsakanin na mai aski da na mai sayar da fenti. A ciki akwai injin ɗinkin bajo, allurai jere a bakinsa kamar haƙoran mataji, ga kuma tsohuwar kwamfuta a gefe, ita ce ke gaya wa injin inda zai soka allura. Bajon makaranta, tambarin masu gadi, sunan kamfani a kan aljihun riga, duk aikinsa ne.

Sunan nan ba daga gidansu ya zo da shi ba, 'yan layi ne suka raɗa masa, kuma da bakinsa ya saya. Ka shiga gaishe shi, kafin ya amsa sallama ya ce maka kar ka taɓa. Ka jingina da bango, kar ka taɓa. Mai aski ya rantse cewa lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi aka kai shi asibiti, likita na ɗago abin awo ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Kar ka taɓa." Mai aski dai maƙaryaci ne, amma wannan kowa ya yarda.

Da ɗinkin maɓalli ya fara, a shagon ƙanin babansa, yana yaro. Daga nan ya hau keken ɗinki na ƙafa, ya taka shi har gwiwarsa ta fara kuka fiye da keken. Da ya ga ƙafa za ta yi ritaya ta bar shi, sai ya sayar da kekunansa da babur ɗinsa ya sayi injin nan a hannun wani da zai bar gari, aka haɗa masa da kwamfutar. Karatunsa bai wuce ya gane sunansa a jikin kati ba. Turancin da ke kan allon kwamfuta kuwa ko gaisawa ba sa yi. Da launi da wuri ya haddace komai: ka danna koren nan na sama, ka sauko ka danna mai kama da almakashi. A haka ya koyi zana bajo da maus, ɗigo bayan ɗigo, yana gaya wa kowane zare ta inda zai kwanta. Kuma a faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi, mutumin ya iya. Idan ya zana maka zaki, sai ka ɗan ja baya.

Yaro ɗaya ya taɓa ɗauka aiki. Yaron ya koya, ya ƙoshi, ya soka filas, ɗan abin kwafar fayil, a jikin kwamfutar ya kwashe zane-zanen maigidansa kaf, ya gudu wani gari ya buɗe nasa shagon. Tun daga ranar Baba ya daina ɗaukar yara, ya kuma ƙirƙiro wata dabara da bai taɓa gaya wa kowa ba, har matarsa.

A kusurwar allon kwamfuta akwai hoton wani ɗan kwando, kwandon shara. Duk abin da ka goge, can yake faɗawa ya zauna, ba ya ɓata sai ranar da aka zubar da kwandon. Baba ya gano haka ne wata rana da ya goge abu bisa kuskure ya kuma same shi a ciki lafiya lau. Sai ya zauna ya yi tunani irin nasa: wane ɓarawo ne zai shiga gida ya fara bincike daga bola? Shi ke nan. Ya kwashe duk zanen da yake ji da shi ya goge da gangan. Da safe ya buɗe kwando ya fito da wanda zai yi aiki da shi, da yamma ya sake jefa shi ciki. A fili kuwa ya bar tarkacen da ba su da amfani, don ɓarawo ya samu abin ɗauka ya tafi yana murna. Idan ya tuna wannan wayo nasa, shi kaɗai yake murmushi a shago kamar sabon ango.

A cikin kwandon nan akwai mikiya. Bajon babbar makarantar da ke bayan tashar mota ne: mikiya ta buɗe fukafukai, ta riƙe littafi da faratanta, kowane gashi da nasa kwanciyar zaren. Bayan tafiyar yaron nan ya zana ta, don haka babu inda take a duniya sai wurinsa. Duk farkon shekarar karatu makarantar kan aiko da riguna buhu-buhu a ɗinka musu bajo, kuma wannan aikin shi ke riƙe da shagon. Sauran duk ƙarin miya ne. Idan makarantar ta juya masa baya, sai dai ya koma ɗinkin maɓalli.

To ita kwamfutar ta daɗe tana ciwo. Da safe zai kunna ta, ya fita ya gaisa da mai fenti, ya yi faɗa da mai aski, ya dawo ya tarar tana miƙa ba ta gama tashi ba. Daga baya ta fara wata ƙara daga cikin cikinta, ƙat, ƙat, ƙat, kamar ɓera na cin katako. Maganinsa ɗaya ne: ya ɗaga tafin hannu ya ba ta mari a gefe. Wani lokaci ta ji tsoro ta ci gaba, wani lokaci ta yi zuciya.

A bana, ranar da direban makaranta ya sauke buhunan riguna har suka toshe rabin shago, ranar kwamfutar ta zaɓa ta sandare ana tsakiyar aiki. Ya mare ta. Ya lallashe ta. Ya kashe ya kunna, ta tashi da ƙyar tana ƙat ƙat. Da ya koma gida cin abincin rana, matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, ka kira 'yar ƙanwarka mana. Mutanen gari na bin layi a shagonta, kai kana nan kana dukan ƙarfe."

"Wa? Yarinyar da na goya a wuya ta yi min fitsari?"

"Yarinyar tana da 'ya'ya yanzu, kuma ita ke gyara kwamfutocin asibiti. Ni dai na kira ta."

Injiniya, haka kowa ke kiran 'yar ƙanwar tasa, ta zo washegari da safe da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa yana kallon jakar kamar an shigo da maciji. Ta kara kunne a jikin kwamfutar, ta saurara, ta girgiza kai.

"Kawu, faifan da ke cikinta ne ke mutuwa. Shi ne ma'ajiyar komai. Tun yaushe yake wannan ƙarar?"

"Kwanan nan."

Daga bakin ƙofa mai aski ya ce, "Tun kafin a aurar da autarsa." Ba wanda ya gayyace shi. Ya tsaya da almakashi a hannu, ya bar wani bawan Allah a kujera da rabin kai.

Injiniya ta zaro wani ɗan abu baƙi, siriri kamar biskit, ta ce wannan ne sabon faifai. Baba ya juya shi a hannu ya ce wannan ko sunansa ba zai ɗauka ba balle aikinsa. Ta yi dariya ta yi masa bayani a hankali. Ba za ta ɗora sabuwar manhaja ba, don manhajar ɗinkin nan tsohuwa ce, wanda ya saka ta ya bar gari, faifan CD da manhajar ta zo a ciki kuma Allah kaɗai ya san inda yake. Idan ta ɓata, injin ya zama teburin ajiye zare. Don haka ƙaura za a yi. Za ta ɗauke komai yadda yake, da babbar manhajar da ke tashin kwamfutar, da ta ɗinki, da fayil-fayil ɗinsa, ta juye su cikin sabon faifai.

"Kamar a ɗauke gida da ɗakunansa da tukwanensa a dire a sabon fili, Kawu. Kana shiga za ka ga ko cokali bai bar wurinsa ba."

"Kar ki taɓa komai."

"Ai dole in taɓa, Kawu, sai dai in da ido kake so in gyara. Amma tsaya in tambaye ka. Akwai wani abu da ka ajiye a wani wuri daban, wanda ya kamata in sani?"

Nan fa maganar ta zo masa har bakin haƙori. Ya buɗe baki, sai idonsa ya faɗa kan mai aski, wanda ya ƙara matsowa, kunnuwa a miƙe kamar na zomo. Mutumin da idan ya ji magana da safe, kafin azahar har masu shara sun ji. Baba ya haɗiye maganarsa. A ransa ya ce ai tunda gida za a ɗauka ɗungurungum, bolar ma za ta bi. Kuma ga shi zaune, idonsa biyu.

"Babu," in ji shi.

Ta kwance murfin kwamfutar. Ƙurar da ta fito daga ciki ta isa a shuka gyaɗa. Ta hura, ta goge, ta jona waya, Baba na tsaye a kanta yana numfashi a ƙeyarta. Duk inda ta kai hannu sai ya ce a hankali. To shi Baba yana da wata lalura: idan hankalinsa ya tashi, cikinsa ne ke fara sani. Ya daure, ya canza tsayuwa, ya matse, ya sake canzawa. Da abin ya fi ƙarfinsa ya ɗauki buta ya ce yana zuwa, ya nufi bayan shaguna da sauri-sauri, gwiwar ma ta manta tana ciwo.

A daidai lokacin ne manhajar ƙaura ta nuna wa Injiniya cewa kayan da ke tsohon faifai sun ɗan fi ƙarfin sabon. Ta duba ta ga abin da ya cika wuri. Kwandon shara ne, maƙil, kamar ba a taɓa zubar da shi ba tunda aka ƙera kwamfutar.

"Ina Kawu?"

"Ya tafi taron gaggawa," in ji mai aski. "Irin taron nan ba a saurin tashi."

Ta ɗaga kafaɗa. Wa ke jiran izini kafin ya zubar da shara? Ta danna, kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Kwando ya koma fes. Wuri ya samu, ƙaura ta fara.

Baba ya dawo da sauƙin rai ya tarar da wani koren layi yana rarrafe a kan allo kamar hawainiya mai ciwon ƙafa. Ya ja kujera ya zauna ya tsare shi da ido. Rana ta hau, ta karkata. Aka kawo masa abinci ya ce a mayar. Da layin ya kai ƙarshe, Injiniya ta zare tsohon faifai ta ajiye a teburi, ta ɗaura sabo, ta ce ya kunna da hannunsa. Ya danna, ya juya zai fita gaishe-gaishensa kamar kullum, ta ce, "Kawu ina za ka? Ta tashi."

Ya juyo. Wallahi ta tashi. Hoton jikarsa na nan a allo, koren nan na nan a sama, mai kama da almakashi na nan a ƙasa, ba ƙat ba ƙut. Har ya fara cewa ashe yarinyar nan ta yi karatu. Sai ya ce su juya baya.

"Mu juya baya kuma?"

"Ke da wancan mai kunnen. Ku kalli titi."

Suka juya suna ƙunshe dariya. Ya sunkuya ya kare allo da kafaɗarsa, ya danna kwando. Fari tas. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Fari tas.

"Ke. Ina sharata?"

"Na zubar, Kawu. Ita ta hana kayan shiga."

"Kin me?"

"Na zubar. Shara ce fa."

Baba ya miƙe, ya koma ya zauna, ya sake miƙewa. Muryarsa ta fito siririya kamar ta ɗan akuya. "Mikiyata na ciki. Zakina na ciki. Aikina duka na ciki. Wa ya aike ki? Ban ce kar ki taɓa komai ba?"

Injiniya ta dafe ƙirji. "A kwandon shara? Kawu, a kwandon shara kake ajiya? Ban tambaye ka ba? Da bakina na tambaye ka, ka ce babu!"

"To a gaban wannan zan faɗa?"

Mai aski bai tsaya kare kansa ba. Ya riƙe ciki, ya dafa ƙofa, ya zame har ƙasa. Da ya samu numfashi ya ruga waje yana kiran mai fenti. Kafin la'asar duk layin ya san cewa Baba Kar-ka-taɓa ya shekara da shekaru yana ajiye dukiyarsa a bola, yau kuma motar shara ta zo.

Injiniya ba ta yi dariya ba. Ta dubi buhunan rigunan, ta dubi kawunta, ta ce akwai sauran dama. Abin da aka zubar bai gama barin tsohon faifai ba, sawunsa na nan, kuma tana da manhajar da ke bin sawu ta tono. Sai dai faifan yana kan gargara, aikin kuma na ɗaukar lokaci. Ta jona shi da waya ta kwantar da shi a kan teburi, ta sa masa tsumma a ƙasa kamar jinjiri. Ta ce za ta je ta ɗauko yara daga makarantar yamma ta dawo.

"Kawu, don girman Allah, yau ni zan faɗa maka. Kar ka taɓa. Ko teburin kar ka jingina."

Ya zauna shi da faifai. Wani layin ya fara rarrafe, lambobi na ƙaruwa a gefe, alamar ana samun wani abu. Can sai layin ya tsaya. Faifai ya ce ƙat. Ya sake cewa ƙat. Baba ya sa hannuwansa a ƙarƙashin cinya ya danne. Layi bai motsa ba. Ya tashi ya zaga shago, ya ƙirga zaren da ba ya buƙatar ƙirgawa, ya dawo. Layi na nan inda yake. A ransa ya ce yarinyar nan ta san littafi, amma shi ya san halin wannan faifan, tare suka tsufa, kuma bai taɓa jin magana ba sai da hannu. Ba mari zai yi ba. Ɗan ƙwanƙwasa ne kawai, na tunatarwa.

Ya lanƙwasa yatsa ya ba shi ɗaya.

Faifai ya yi wani siririn kuka, wiiii, ya yi shiru. Irin shirun da ba ka buƙatar likita ya fassara maka.

Da Injiniya ta dawo ta kara kunne, ta cire waya ta mayar, ta juya shi, ta ɗago kai a hankali. "Kawu."

"Ko kallonsa ban yi ba."

"Ya yi sallama ne kawai," in ji mai aski ta taga. "Ƙwan, sau ɗaya. Ni shaida ne, bai wuce ɗaya ba."

Ta rufe ido, tarbiyya ta hana ta faɗin abin da ke bakinta. Abin da aka samu kafin faifan ya cika, tarin fayil ne marasa suna, sai lambobi. Suka zauna buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan tambarin masu gadi ne. Wannan ba ya buɗuwa. Wannan hoton bikin wani ne da ba wanda ya san shi. Wannan rabin zaki ne, ta wajen wutsiya. Baba na tsaki, tana dannawa, har ya daina yi mata magana kai tsaye. Da matarsa ta leƙo ta ga abin da ya hana shi dawowa, sai ya ce, "Ki gaya wa 'yar ƙanwata ta wuce na gaba." Alhali ga Injiniya nan kusa da shi, gwiwarsu na gugar juna.

Washegari suka ci karo da mikiya. Baba ya yi kabbara har mai fenti ya leƙo. Ya ɗaura ƙyalle a injin, ya danna. Allura ta fara: kai ya fito, baki ya fito, fiffiken dama ya buɗe gashi bayan gashi, kyakkyawa kamar da. Daga nan injin ya tsaya wuri ɗaya yana soka allura a rami guda, tata-tata-tata, har zare ya tsinke ƙyalle ya huje. Sauran zanen ya tafi. Mai aski ya ɗauki ƙyallen ya ɗaga sama ya ce wannan ai kaza ce da aka fara figewa aka ɗauke wuta.

A ranar ne shugabar makaranta ta kira. Baba ya miƙe tsaye da waya a kunne, har da cire hula.

"Ranki ya daɗe, aiki na tafiya. Injin ne ya ɗan yi mura."

"Baba, mako mai zuwa ake komawa. Iyaye sun fara zuwa karɓar riguna. In ba zai yiwu ba ka faɗa min tun yanzu in san abin yi."

"Zai yiwu, ranki ya daɗe. Ni ne fa."

Babu abin da ya rage sai sake zane daga farko. Matarsa ta tono tsohuwar rigar makarantar a cikin kayan jikansu, bajon ya koɗe don wanki amma ana gani. Baba ya shimfiɗa ta a gaban allo, ya ɗora tabarau a kan tabarau, ya kama maus. Sai a lokacin ya gane cewa wanda ya zana mikiyar farko wani mutum ne daban, mai ido garau da hannun da ba ya rawa. Yanzu ya sa ɗigo a nan, ɗigo ya sauka a can. Gwajin farko bakin mikiya ya karkace kamar tana gulma. Na biyu zare ya taru ya tattare ƙyallen. Wani kuma littafin ya fito kamar bulo. Kowane gwaji sai ya cire ya yi jifa da shi bayan buhu, kafin mai aski ya gani.

Injiniya kan biyo kullum in ta rufe shago, ta kawo masa maganin ciwon wuya. Ta kawo wani faifan ta ce daga yau duk abin da ya zana a riƙa ajiye kwafinsa a ciki, a kai gida. Ya ce wa bango, "A gaya mata ta ajiye a can." Rigunan kuwa na nan a buhu ko ɗaya ba a taɓa ba. Waya ta yi ta ƙara, Baba ya kife ta a ƙarƙashin ƙyalle.

Ranar da mikiya ta yarda ta fito daidai, da hantsi ne. Injin na kan gashin wutsiya na ƙarshe sai ga motar makaranta ta yi ribas har bakin ƙofa. Direba ya sauko yana sosa ƙeya.

"Baba, sannu da aiki. An ce in kwaso rigunan."

"Ka kwaso me? Zo ka gani. Zo ka ga abin da ake kira mikiya."

"Wallahi ta yi kyau. Amma ni aike ne, Baba. An riga an yi magana da wani kamfani a cikin gari, injinsu riga goma yake ɗinkawa a lokaci ɗaya, suna jira."

Baba ya tare ƙofa. Direba ya ba shi haƙuri ya raɓa ta gefe ya ɗauki buhu. Ya dawo ya ɗauki wani. Da Baba ya ga shago na yin fili, sai ya yanke zaren gwajin, ya cusa ƙyallen a aljihu, ya kama ƙarfen motar ya haye baya, ya zauna daram a kan buhunan.

"Baba ka sauko don Allah."

"Inda rigunan nan za su, nan za ni. Ja mu tafi."

Haka aka ratsa layi da shi, tsoho a kan buhu, hula a karkace, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe ɗaya dafe da aljihu. Mai aski ya fito yana ɗaga masa tawul kamar mai rakiyar matafiyi.

A ofis shugabar makaranta ta karɓi ƙyallen ta kai shi bakin taga. Ta shafa fukafukan da yatsa. Ta ce gaskiya wannan ta fi tsohuwar kyau. Baba ya fara washe baki. Sai ta ajiye ƙyallen ta ce, "Amma na yi ta kira ba ka ɗauka, Baba. Da ka gaya min gaskiya tun ranar farko, da mun san yadda muka raba aikin. Yanzu na ba da magana, kuma ko na bar maka duka, injinka ɗaya ba zai gama kafin a buɗe ba."

Ya ce zai gama. Ta ce ba zai gama ba. Ya ambaci shekarun da ya yi yana yi musu aiki, ta ce don su ne ma take sauraronsa. A ƙarshe ta kira direba ta ce a sauke buhu ɗaya, na 'yan ajin reno, a bar wa Baba. Sauran a wuce da su. Na baɗi kuma, in ji ta, sai ta ga yadda wannan ya fito.

Direba ya wuce cikin gari, don haka a kafaɗa Baba ya dawo da buhunsa, yana tafe yana hutawa, gwiwa na ba shi labari. Ya shigo layi bai kalli kowa ba. Mai aski ya buɗe baki, ya ga fuskar, ya mayar da bakinsa ya rufe, abin da ba a taɓa gani ba.

A shago ya kwance buhun ya zaro riga ɗaya. 'Yar mitsitsiya, kamar ta 'yar tsana. Ya ɗora sabuwar mikiyarsa a kan aljihun, fukafukan suka zarce aljihu suka kai har hammata. Sai a lokacin ya tuna cewa 'yan reno da tasu ƙaramar mikiyar daban, mai ƙarancin gashi, wadda ya zana musu musamman, ita ma ta bi shara. Wannan babbar in aka matse ta, zare zai cunkushe ya zama dunƙule.

Ya ajiye rigar a kan teburi. Sannan ya ja kujera, ya ɗora tabarau a kan tabarau, ya leƙa ta taga ya ce wa mai fenti, "In ka ga yaran gidana, a ce wa kakarsu ta aiko min da abinci nan. Kuma a kira min Injiniya, ta zo ta nuna min yadda ake sa abu a wancan faifan nata."

Ya kama maus, ya sa ɗigon farko a kan bakin mikiya. Ɗigon ya sauka a gefe.